Allura ɗaya aka yi masa, ashe wa'adi biyu ne: yadda taifot ya kama wanda ya ce ya yi rigakafi

## Wanda abin ya faru da shi

Mijin ƙanwata ne, kuma sai da na nemi izininsa kafin na rubuta wannan, ya ce in rubuta amma kar in kama suna. Shekararsa 38 a lokacin, haifaffen arewa ne, can ya yi firamare da sakandare, karatu ne ya kawo shi Ingila ya zauna, aikin kwamfuta yake yi a ofis. Ba hawan jini ba suga, mutum ne da sai ya shekara ko Panadol bai sha ba. Yaransu biyu duk a nan aka haife su. Ni kuma nas ce, shi ya sa duk abin da ya shafi ciwo a gidansu ni ake fara kira, sai dai wannan karon ba a kira ni da wuri ba.

## Shekara 4 kafin ciwon: ranar da aka yi allurar

Za shi gida Najeriya bikin ƙaninsa, sai ya je asibitin unguwarsu neman allurar matafiya. A Ingila rigakafin taifot da na ciwon hanta nau'in A suna cikin waɗanda ake yi wa matafiyi kyauta, saboda ba a son mutum ya kwaso cuta ya shigo da ita. Nas ɗin ta ce masa akwai wadda aka haɗa biyun a sirinji ɗaya, maimakon a soke shi sau biyu, ya ce ai wannan ita ce daidai.

Irin wannan allurar an san ta da suna Viatim a Ingila, Vivaxim a Ostireliya da Kanada. Sirinjin ɗaki biyu gare shi, kowane ruwa na zaune a nasa ɗakin sai daf da za a yi allurar ake haɗe su, duka mililita 1. Ɗaya ɓangaren ƙwayar ciwon hanta A ce da aka kashe, ɗayan kuma ba ma ƙwayar taifot ɗin ba ce gaba ɗaya, wani sinadarin suga ne da ke lulluɓe da jikinta kamar riga, ana ce masa Vi, maikirogiram 25. A lokacin 'yan shekara 16 zuwa sama ake yi wa, kuma ana so a yi ta da sati 2 kafin tafiya. Dalilin haɗa su a fili yake, hanyarsu ɗaya, ruwa ko abincin da bayan gidan mai cutar ya taɓa, duk inda za ka ci karo da ɗaya to ɗayar ma tana kusa.

Bayan wata 8 da dawowarsa aka kira shi ya koma aka yi masa ta biyu. Wannan ta ciwon hanta ce kawai, babu taifot a ciki. Nas ta ce masa shi ke nan ya samu kariya ta aƙalla shekara 25, kuma gaskiya ta faɗa, haka ƙa'idar Ingila ta ce game da ciwon hanta A in an yi allura biyu. Shi kuma abin da kunnensa ya ɗauka shi ne waccan allurar haɗin ce aka ƙarasa masa, duka biyun shekara 25. Ya jefa katin a cikin jakar fasfo bai sake dubawa ba. A jikin katin, da ƙananan rubutu, an sa cewa na taifot shekara 3 ne a sake.

## Tafiyar Karachi

Abokinsa ɗan Pakistan da suka yi jami'a tare shi ne zai yi aure a Karachi, ya matsa masa sai ya zo. Sati 3 tsakanin gayyata da tashin jirgi, lokaci isasshe da zai je a duba katinsa, bai je ba don a ganinsa ba abin dubawa. Shekara 4 da wata 2 ke nan da allurar haɗin.

Abin da bai sani ba, tun Nuwamba 2016 wani irin taifot ya ɓulla a birnin Haidarabad na lardin Sindh a Pakistan wanda ba ya jin magunguna, ana kiransa XDR. Ya fi ƙarfin kuloramfenikol da amfisilin da Septrin, ya fi ƙarfin Cipro da danginta, ya kuma fi ƙarfin seftiriyazon wadda ita ce allurar da asibitoci ke dogaro da ita in abu ya yi tsanani. Daga Haidarabad ya tsallaka Karachi. Kafin tafiyarsa Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta fitar da sanarwa a Disamba 2018 cewa daga Nuwamba 2016 zuwa lokacin an samu mutum 5,274 da irin wannan a Sindh, kuma kusan kashi 69 cikin 100 a Karachi suke.

Kwana 12 ya yi. Ruwan roba ya dinga sha, wannan ya kiyaye, amma biki ne na kwanaki, ga salak ga 'ya'yan itatuwa yankakku, ga lemon rake da ake matsewa a bakin titi a zuba ƙanƙara, ya ce shi kam kullum sai ya sha don ya tuna masa gida. Ya dawo lafiya ƙalau ya koma aiki.

## Kwana na 1 zuwa na 7: maganin gida

Kwana 9 da dawowa ya fara jin ciwon kai da kasala, ya auna zafin jiki 38.2. Ya sha Panadol ya tafi aiki. Kwana na 2 haka, na 3 ya kai 38.9 da yamma, ga sanyi ga ciwon gaɓoɓi, kuma bayan gida ya ƙi fita.

Toh kun san mu dai, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sunansa maleriya. Akwai kwalin Coartem a durowa da wani ya zo da shi daga gida, ya fara sha a kwana na 3 ya cinye na kwana ukun cif. Ba abin da ya canza, sai ma gaba da abin ke yi, kullum zafin yau ya ɗara na jiya kamar mai hawa matakala, kwana na 5 ya kai 39.4, ga busasshen tari ga ciwon ciki ta gefen dama, abinci ko ƙamshinsa ba ya so.

Kwana na 6 matarsa ta yi waya da wata 'yar uwa a gida aka ce ai in maleriya ta ƙi jin magani to taifot ne a ƙarƙashi, a ba shi Cipro. Ita ma akwai ragowarta a gidan. Shi da bakinsa ya ce ba zai yiwu ya zama taifot ba tunda ya yi allura, amma ya sha, ƙwaya ɗaya safe ɗaya dare, kwana 2. Daren kwana na 7 ƙanwata ta kira ni tana kuka wai yana surutai shi kaɗai, yana kiran sunan mutanen da ba sa gidan. Na ce kar ta jira gari ya waye.

Da na iske su a asibiti ya ɗan dawo hayyacinsa, abin da ya fara ce min shi ne, "Yaya, ki gaya musu ba taifot ba ne, na yi rigakafinsa, na shekara 25 ne." Ni ma a lokacin ban ga katin ba, sai dai maganar ta tsaya min a rai don ban san wata allurar taifot mai shekara 25 ba.

## Kwana na 8 zuwa na 10: asibiti, da maganin da bai kama ba

Zafin jiki 40.1, bugun zuciya 88 a minti. Ga wanda ya saba da masu zazzaɓi wannan abin lura ne, zafi 40 ya kamata a ga zuciya tana gudu sama da 100, in ta ƙi gudu ana tunanin taifot ko da yake ba hujja ba ce ita kaɗai. Hawan jininsa daidai, cikinsa da taushi amma yana jin zafi in an danna.

An tambaye shi tafiya, ya ce ya je Pakistan, an rubuta. An tambaye shi rigakafi, ya ce ya yi na taifot da na hanta, shi ma an rubuta haka ba tare da kwanan wata ba. Aka fara da maleriya, kuma daidai ne a fara da ita don akwai ta a Pakistan kuma tana kisa da sauri, sau 3 aka gwada a cikin kwana 2 duk babu. An duba dengi babu. Fararen ƙwayoyin jini sun ɗan yi ƙasa, ma'aunin hanta kuma ya hau kusan ninki 4 na yadda ya kamata, wanda ya sa aka aika gwajin ciwon hanta. Babban abin da aka yi a daren farko shi ne an ɗebi jini a kwalabe don gwajin kolca, wato a ajiye jinin a wuri mai ɗumi a ga ko wata ƙwaya za ta tsiro. Sannan aka sa masa seftiriyazon giram 2 a rana ta jijiya da ƙarin ruwa.

Ba wanda ya yi masa gwajin Widal, ban ma taɓa ganin an yi shi a nan ba. Gwaji ne na tun 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake nunawa ba, martanin jiki yake aunawa, wanda kan iya hawa saboda tsohon ciwo ko maleriya ko wata cutar daban. Da shi ne ake ce wa rabin gari suna da taifot a gida a kuma ɗora su kan Cipro. Kolca shi ma ba cikakke ba ne, mutum 10 masu taifot na gaske wajen 5 ko 6 ne kawai zai nuna, in an riga an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ya ƙara raguwa. Ni abin da nake tsoro ke nan, kar Cipro ɗin nan ta ɓoye mana ƙwayar.

Ba ta ɓoye ba, don ko gezau ƙwayar ba ta yi da Cipro ba. Kwana na 9 ɗakin gwaji suka bugo cewa wani abu ya tsiro a kwalabe biyu. Shi kuma awa 48 a kan seftiriyazon zafin na nan tsakanin 39.5 da 40, gudawa ta maye gurbin taurin cikin. A ranar ne ƙanwata ta zo da jakar fasfo, muka buɗe katin ni da ita a baranda, muka ƙirga, na taifot ya ƙare da shekara 1 da wata 2 kafin ya hau jirgi.

Kwana na 10 aka tabbatar Salmonella Typhi ce. Likitan ƙwayoyin cuta da ya haɗa sunan ƙwayar da kalmar Karachi bai jira sauran sakamako ba, ya ce a cire seftiriyazon a sa merofenem ta jijiya duk awa 8 a haɗa da azitiromaisin ta baki. Washegari takardar gwajin magunguna ta fito ta gaskata shi, duk biyar ɗin nan da na lissafa ba wanda ke taɓa ta, waɗannan biyun ne kawai suka rage.

Sakamakon hanta ma ya dawo, babu sabon kamun ciwon hanta A, kariyarsa kuma tana nan a jini. Hawan ma'aunin hantar aikin taifot ɗin ne.

## Kwana na 11 zuwa na 19: jira

Wannan ne lokacin da ya fi wa iyali wuya, don an ce an samu maganin da ya dace amma zazzaɓin bai sauka ba. Haka taifot yake, ƙwayar tana shigewa cikin ƙwayoyin jikin mutum ne a hanta da saifa da ɓargo ta ɓuya, ko maganin daidai ne sai ya ɗauki kwana 4 ko 5 wani lokaci har sati kafin jiki ya huce. Ƙanwata kullum sai ta ce Yaya anya ba a sake canza magani ba, ina ce mata duba takardar, jiya 39.8 yau 39.3, sauka yake yi sai dai a hankali.

Abin da likitoci ke tsaro shi ne ciki. Yana shiga sati na 3 na ciwon, kuma nan ne hanji ke iya zubar da jini ko ya huje. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin tiyata a arewacin Najeriya ko Nijar ya san wannan, yara da ake kawowa ciki ya kumbura ya yi tauri bayan sati biyu ana ta maganin maleriya a gida. Safe da yamma ana taɓa cikinsa, ana duba bayan gidansa ko ya yi baƙi, ana auna jini. Allah ya tsare.

Kwana na 15 ya kwana bai haura 38 ba. Kwana na 16 ya nemi kunu. Kwana na 17 aka sake kolca ba abin da ya tsiro. An sallame shi kwana na 19 da azitiromaisin da zai ƙarasa a gida, ya rage kilo 7.

## Bayan sallama

Taifot cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukuma a Ingila, jami'an lafiyar jama'a sun kira sun tambayi aikinsa da waɗanda ke gidan da waɗanda suka yi tafiyar tare. Da mai dafa abincin sayarwa ne ko mai kula da marasa lafiya da sai ya kawo bayan gida sau 3 an ga babu ƙwayar kafin ya koma aiki. Shi ɗan ofis ne, sai aka ba su takardar gargaɗi, wanke hannu da sabulu, tawul ɗinsa daban, duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan a zo da shi nan take. Ƙanwata tana karɓar odar abincin suna da biki, da kanta ta dakatar na wasu makonni, kuma ta hana shi shiga kicin. Ba wanda ya kamu a gidan.

An gaya masa abu biyu. Ciwon kan iya dawowa cikin sati 2 ko 3 bayan gama magani, kuma wasu kaɗan, mutum 2 zuwa 5 cikin 100, ƙwayar kan zauna musu a matsarmama su warke amma su ci gaba da zubar da ita a bayan gida har shekara da shekaru. Bai dawo ba. Sai da ya yi sati 6 kafin ya koma aiki sosai, gajiyar kuma ta kai wata 3 tana bin sa.

## Abin da na gani a ciki

Allurar haɗin ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ce za ta yi shi ta yi. Matsalar ita ce sirinji ɗaya ne amma rigakafi biyu ne masu hali daban. Na hanta jiki yana riƙe shi, yana haddace kamannin ƙwayar, in an ƙara ta biyu sai ya zauna shekaru masu yawa. Shi kuwa sugan nan na Vi jiki na mayar masa da martani ne na ɗan lokaci ba tare da ya haddace ba, shi ya sa yake sanyi, shi ya sa in za a sake tafiya ake sakewa duk shekara 3 a Ingila, a Amurka ma duk shekara 2, shi ya sa kuma ba ya kama yaran da ba su kai shekara 2 ba. Mutum ya ji suka ɗaya a kafaɗa, to a ransa abu ɗaya ne, in aka faɗa masa lamba ɗaya ita zai riƙe, kuma babbar zai riƙe.

Ko da wa'adin bai ƙare ba ba zan rantse da bai kamu ba. Kariyar wannan nau'in kusan kashi 70 cikin 100 ce a shekarar farko, tana sauka zuwa wajen 55 zuwa 60 bayan haka, kuma in mutum ya haɗiyi ƙwayar da yawa a kofi ɗaya tana iya rinjayar kariyar. Ba ta kare ɗan uwan taifot da ake kira farataifot, wanda ke da yawa a Pakistan da Indiya, ba ta kare kwalara ba ta kare ciwon hanta nau'in E. Akwai ma wata allurar haɗin, Twinrix, ta hanta A da B ce babu taifot a cikinta sam, na sha ganin waɗanda suka rikita su. Saboda haka kalmar nan "na yi rigakafi" in babu kwanan wata da sunan allura a bayanta bai kamata ta cire taifot daga lissafi ba, ko a bakin mara lafiya ko a takardar likita. A wurinsa ita ce ta sa ya zauna kwana 7 a gida, kuma ina ganin ita ce ta sa aka yi kwana 2 a kan maganin da tun 2016 aka san ƙwayar Sindh ba ta jin sa.

Wani abin da ya tsaya min, ɓangaren da ya riƙe ɗin mai yiwuwa shi ne wanda bai fi buƙata ba. A wuraren da tsaftar ruwa ta yi ƙaranci yawancin yara, kusan kashi 90 cikin 100, sun riga sun kamu da ciwon hanta A kafin shekara 10, galibi ba su ma san sun yi ba, kuma wanda ya yi sau ɗaya ya samu kariya har ƙarshen rayuwa. Wanda ya tashi a arewa da wuya bai gamu da ita ba. Taifot ba haka yake ba, girma a gida ba ya ba ka kariyar da za ka dogara da ita, ko wanda ya kwanta da shi kamar shi ɗin nan zai iya sake kamuwa. Yaransa da aka haifa a nan su ne ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

Abin da ya cece shi kolca ne da aka ɗauka a daren farko, da likitan da ya san abin da ke faruwa a Sindh. Ba don kwalaben nan ba da ana ta ba shi seftiriyazon ana jira har ya shiga sati na 3. Coartem da Cipro na durowa kuwa kwanaki kawai suka ci masa, kuma irin wannan shan Cipro barkatai yana cikin abin da ya haifi ƙwayar da ta kusa kashe shi.

Can inda ya kwaso ciwon, wata allurar ce daban ta yi aiki. An ɗaure sugan Vi da furotin na rigakafin sarƙewar haƙora don jiki ya haddace shi, ana yi wa yaro tun yana wata 6, Typbar-TCV ta kamfanin Bharat Biotech na Indiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2017. A 2018 an yi wa yara sama da 200,000 a Haidarabad, binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar kusan kashi 95 cikin 100. A Nuwamba 2019 Pakistan ta zama ƙasa ta farko da ta sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum, aka fara da yara sama da miliyan 9 a Sindh. Laberiya da Zimbabuwe sun bi a 2021, Malawi a 2023. Ita ba a haɗe take da ta hanta ba, ita kaɗai ake yi.

Da za su tafi gida da yaran bayan haka, sati 6 kafin tafiya suka je asibitin unguwa su huɗu. Shi aka yi masa ta taifot ita kaɗai. Yaran ba su kai shekarun allurar haɗi ba, sai aka yi wa kowannensu biyu daban daban, ta hanta a hannu ɗaya ta taifot a ɗayan, ƙaramar ta yi ta ihu har waje. Da suka dawo gida ƙanwata ta jera katunan huɗu a kan tebur ta ɗauki jan biro, a bayan kowanne ta rubuta layi biyu, hanta da watan da za a koma yin ta biyu, taifot da shekarar da zai ƙare.